Tayar Fijo

Da sanyin safiya Hambali, manomin tumatir, yana tsaye kusa da rumfar mai faci a Kura yana tare mota, sai ga wani dattijo cikin kwat ya garo tayar Fijo.

"Ka san sanyi yana shanye iskar taya, malam?" in ji dattijon. "Mu da muka yi aikin noman rani da Turawa, da geji muke aunawa, ba da ƙafa ba."

"Ashe kana da mota, ranka ya daɗe! Taimake ni don Allah. Matata ce ke naƙuda tun jiya, abin ya ƙi. Duk motar da ta zo, tumatir ta ɗauko."

"Subhanallahi. Ai ka ga ba a hura tayar ba."

"Zan jira. Ni zan gara maka ita har gida."

Dattijon ya gyara wuyan kwat. "Injin yana Kano, wajen gyara."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka rage mu daga aiki."

"To, iskar fa ta mece ce?"

"In tayar ta kwanta, maƙwabta za su gani."

Hambali ya ce, "Allah ya rufa asiri," ya koma bakin titi yana ɗaga hannu.