Rubutun Jikin Kwalbar Baba

Baba: Salamu alaikum. Auta? Kina ji na?

Auta: Wa alaikumus salam, Baba. Ina wuni?

Baba: Lafiya lau. Ya aiki? Ya yaran da ke kwance a asibitin naku?

Auta: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya ƙafar taka?

Baba: Tana nan, muna lallaɓawa. Maigidan naki ya dawo daga tafiyar?

Auta: Baba, ai da safe ka tambaye ni, da na kawo maka yaron. Lafiya dai? Ina yake?

Baba: Mutumina? Ga shi a cinyata yana ja min gemu. Ƙalau yake. Wato... akwai wata 'yar magana.

Auta: Wata me? Layin yana yankewa.

Baba: Magana! Bari in matsa bakin taga. Kin san yau na buɗe sabuwar amyar nan ta gindin katanga. Ina tace zumar, yana kallona, yana ɗan tarin nan nasa. Sai na ce haba, shekara talatin ina sayar wa mutane zuma, nawa jikan ya zauna yana haɗiyar yawu?

Auta: Baba. Me ka yi?

Baba: Yatsa ne kawai. Ƙaramin ma.

Auta: Innalillahi! Watansa biyar fa!

Baba: Ai tsantsa ce, ba ta kasuwa ba. Ko ɗigon sukari...

Auta: Ba maganar algus ake ba. Ko wadda ta fi kowace kyau tana iya zuwa da wata ƙwayar cuta. Babba ba ta yi masa komai, amma hanjin jariri bai yi ƙwari ba. Sai ta zauna a ciki ta yi dafi, ta kashe masa jiki.

Baba: Ko an tafasa?

Auta: Ko an tafasa. Sai ya cika shekara. Ɗauko kwalba ɗaya cikin waɗanda kake sayarwa, ka karanta min ƙasan takardar.

Baba: Tsaya in nemo tabarau... af, ga shi a goshina. "Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba."

Auta: Wa ya liƙa?

Baba: Ni. Ɗari huɗu, da hannuna, ina shafa gam ina fito. Wallahi na ɗauka adon da mai buga takarda ya ƙara ne.

Auta: Ni na sa aka rubuta, har na karanta maka. Ka ce, "To, to."

Baba: Kai! Gemu ya yi fari a banza. Ashe kudan zuman da ya harbe ni a hanci ɗazu ya fi ni karatu.

Auta: Kada ka sa ni dariya, Baba, ba abin wasa ba ne.

Baba: Gaya min gaskiya, 'yar nan, na cuce shi?

Auta: Yawanci lasa ɗaya ba ta jawo komai. Amma sai an sa masa ido har wata guda. Yanzu zan gaya wa likitanmu. In ya kwana biyu uku bai yi kashi ba, ko tsotsonsa ya yi sanyi...

Baba: A hankali, a bayan kwali nake rubutawa.

Auta: Ko kukansa ya rage ƙarfi, ko fatar idonsa ta sauko, ko wuyansa ya saki, sai asibiti, ba jira.

Baba: Na rubuta. To... gobe ki kai shi wurin yayarki. Tsohon da ba ya karanta kwalbarsa bai kamata a bar masa ɗan mutum ba.

Auta: Yaya da shago da yara huɗu? Baba, kai da kake kara kunne a jikin amya ka ce yau kudan zuman ba su da lafiya? Wa zai riga ka jin kukansa ya canza? Ƙarfe bakwai zan kawo shi.

Baba: Bakwai...

Auta: Baba? Kuka kake yi?

Baba: Hayaƙin amya ne ya shiga min ido.

Auta: A ɗaki?

Baba: Ke, ba a ƙure babba. Ji nan, kwalbar farkon nan tasa ce, na rufe ta. Saura wata bakwai. Ni ma na haramta wa bakina zuma sai ranar, tunda yatsan nawa ne ya... Auta? Kati na shirin ƙarewa, ki zo masa da hular nan mai... Auta?