Jirgin da Na Ƙi Hawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da ku masu sauraro. Sunana Rabi, daga Gafasa ta ƙasar Ajingi.

Autata Hauwa tana aure a Amurka. Da cikinta ya tsufa, mijinta ya samo mini biza. Saboda ciwon gwiwata ya yi ta neman jirgin da zai tashi daga Legas kai tsaye, har ya samu. Ya ce tafiyar wajen awa goma sha biyu ce, kusan duk a saman teku.

Na ce, "Babu inda za a tsaya a sha mai? In ya ƙare fa?"

Hauwa ta yi dariya a waya, ta ce, "Inna, man zai isa har ya yi saura. Ki zo, ina son ki kusa da ni."

Na kafe sai an samo mai yada zango. Ana cikin nema naƙuda ta zo da wuri. Jaririyar ta rayu, Hauwa ta rasu. A can aka binne ta.

Yanzu surukina ya ce in zo in ga jikata, ni kuwa tsoron bai sake ni ba. Waɗanda suka taɓa wannan tafiya, don Allah ku faɗa mini gaskiya, man yana isa? Kuma ku sa Hauwa a addu'a.