Motar da Ta Daina Tari

Mai girma shugaban wannan haikali, wanda ya ja mana karatu da safen nan, mai girma wakilin unguwarmu a majalisar gari, shugaban ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci a nan Yonezawa, uwargida Michiyo matar marigayi, 'yarsu Natsuko da maigidanki da yara, dangi, maƙwabta da abokan arziki: ina gaishe ku, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

Ni ne Onodera, mai shagon tayoyi. Shekara guda ke nan da Kuwabara Tetsuji, Yaya Tetsu, ya bar mu, kuma har yau ban saba ba. Kullum da safe idan na ɗaga ƙofar shago sai in tsaya ina kasa kunne. Kun san abin da nake jira. Tari, wani tarin, shiru kamar ta mutu, sannan injin ya kama. Da tarin shuɗiyar motarsa unguwar nan take sanin gari ya waye.

Ya kasance makaniken da ba ya tambayar me ke damun mota, sai dai ya ce a tayar da ita a yi masa shiru. Ya kasance ɗan sa-kai a rundunar kashe gobara tun yana saurayi, kuma a hannunsa motar rundunar ba ta taɓa ƙin tashi ba, komai zurfin ƙanƙara. Ya kasance, bari mu faɗi gaskiya a gaban hotonsa, mutum mai taurin kai na ƙin ƙarawa.

Shi ne alƙalin taronmu na shekara, shi ya kafa mana doka: duk motar da aka cire mata kwantak, 'yan ƙarafan nan biyu masu haɗuwa su rabu su ba fulogi wuta, aka sa mata na'urar zamani, to a ɓamɓare mata tambarin ƙungiya. Hoshikawa mai gidan wanka yana nan zaune, a tambaye shi. Shekarar da ya sa na'urar a ɓoye, Yaya Tetsu ko murfin injin bai ɗaga ba. Ya karkata kai ya ce, "Hoshikawa, wannan tsohuwar taka yaushe ta koma budurwa?" Hoshikawa ya ce, "Haba Yaya, sabon fulogi ne kawai." Ya ce, "Sabon fulogin gidanku. Miƙo tambarin." Muka yi ta dariya, shi kuwa Hoshikawa ya daɗe ba ya gaishe shi.

Kullum yana ce mana mota mai kwantak sai da mutum. Sai an buɗe, an goge, an daidaita tazara, an lallashe ta. Kowace Lahadi za ka gan shi sunkuye a kanta da 'yar takardar yashi, Michiyo tana daga taga tana cewa, "Baban Natsuko, miyar nan fa ta huce." Shi kuma ya ce, "Ki bari ta huce, ita ba ta tari."

Ya rasu da kaka. Da ƙanƙara ta narke muka yi taro, ƙungiya ta ba ni kujerarsa ta alƙali. Michiyo ta kawo motar da kanta. Tun da ya kwanta ciwo ban ƙara jin tarinta ba, na ɗauka ajiye ta aka yi. Na ce ta tayar. Ta murɗa makulli, injin ya kama nan take, sumul, ba tari, ba jinkiri. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Motar tasa ce, amma muryar ba tata ba ce.

Na buɗe kwanon da ke raba wa fulogogi wuta. Daga waje komai na asali, har tsatsar. A ciki kuwa, inda kwantak yake zama, ga 'yar baƙar na'urar zamani. Yaya Tetsu ya naɗe wayoyinta da tsohon zare, ya bi da su ta inda ido ba ya kaiwa. Bai huda ko'ina ba, bai yanke komai ba. Tsohon kwantak ɗin yana cikin gwangwanin shayi a aljihun gaban mota, an shafe shi da mai, an naɗe a ƙyalle. Natsuko ta gaya mini daga baya cewa ya yi aikin ne a watan da likita ya gama yi masa bayanin ciwonsa, lokacin da hannunsa ya fara rawa.

Hoshikawa ya leƙo ta kafaɗata ya gani. Ya ce, "Kai, tsohon munafuki!" Sai ya juya mana baya, kafaɗunsa suna girgiza. Babu wanda ya yi maganar tambari ran nan, kuma har yau yana manne a motar.

Mun san dalili. Asibiti yana bayan gari, maƙabarta tana kan tudu, sanyin garin nan kuwa ba ya tausayin gwauruwa. Ya karya dokarsa da hannunsa don kada wata safiya Michiyo ta murɗa makulli motar ta ƙi tashi, alhali mai lallashinta ba ya nan.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Makon jiya Michiyo ta zo shagona da gwangwanin shayin. Ta ce, "Onodera, ka mayar mini da kwantak ɗin nan cikin mota." Na ce, "Yaya Michiyo, ƙanƙara ta kusa. In na mayar, wata rana za ta bar ki a kan tudu." Ta ce, "Na sani. Tun aurenmu da tarin nan nake sanin ya fita, da shi nake sanin ya dawo. Yanzu in na tayar da ita sai in ji kamar motar wani ce na sato. Ya gyara ta don kada in nemi kowa. Bai tambaye ni ko haka nake so ba."

In na mayar, na warware aikinsa na ƙarshe. In na ƙi, na bar ta da shirun. Kuma ku duba abin da ya faru yau: a motar ta zo, ta ajiye ta a bakin ƙofar nan, mu duka muna tsaye a waje muna jiranta, babu ɗayanmu da ya ji isowarta.

Michiyo, mun zauna mun yanke shawara. Gobe za mu mayar da kwantak. Kowace Lahadi ɗayanmu zai zo ya buɗe, ya goge, ya daidaita, da zafi da sanyi, muddin kina tuƙi. Hoshikawa ya ce shi zai fara. Sai dai ki ƙara miya, kuma ki yi haƙuri, za ta huce. Natsuko, ki koma Sendai da kwanciyar hankali, mahaifiyarki ba za ta kwana a kan tudu ba.

Mun gode wa shugaban haikali, mun gode wa matan unguwa da suka yi girki, mun gode wa duk wanda ya kunna turare yau. Muna roƙon Buddha ya haskaka masa hanya, ya ba shi hutu a can ƙetaren kogi, ya sanyaya zukatan iyalinsa.

Yaya Tetsu, ka yafe mana, za mu taɓa aikinka. Jibi da safe ka kasa kunne. In ka ji tari, ita ce, tana hawowa tudu wajenka.