Bayan Zanen Ngatinem

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma dagacin ƙauyenmu, Malam Liman, dattawanmu, iyayenmu mata masu riƙe da canting, 'yar butar zuba kakin zuman nan da ta ɗaukaka batik, zanen rinin ƙasarmu Jawa, da dukkan jama'ar wannan walimar girbi, ina gaishe ku. Ni ne Wagiran marini. Ko ban faɗa ba, shuɗin farcena ya faɗa. Na gode da wannan dama, na gode da shinkafar nan, domin tun rasuwar matata Ngatinem ni kaɗai nake cin abinci.

Magana ta farko, kun san aikinmu: mace ta zuba kaki, namiji ya rina. Haka muka tsufa. Na taɓa ɗaukar canting ɗinta, ta fizge, ta ce, "Baban Lastri, ai ko kaza ta fi ka iya zane. Koma bakin tukunyarka!"

Ta biyu, auren 'yarmu Lastri ya matso. Uwarta ta fara mini zanen truntum, wanda iyayen amarya ke ɗaurawa. Ta gama fuskarsa, tauraro bayan tauraro, ba ta kai ga juya shi ba ajali ya riske ta. In kuwa na tsoma shi ba a bi bayansa da kaki ba, rini zai cinye aikinta ta baya. Lastri ta bugo waya daga birnin Surabaya, ta ce, "Baba, ka sayi na inji mana, wa zai lura?" Ni zan lura.

Ta uku roƙo ne: wata a cikinku ta zo ta bi mini bayan zanen nan da kaki. Na san 'yan matanmu sun tafi masana'anta, na san idanun iyayensu sun gaji. Ban ce a ƙirƙiro ba, ban ce a gyara ba, a bi sawunta kawai. Kujerarta tana nan, murhunta yana nan. Ba zan ɓoye muku ba, jama'a, kaɗaici ya ishe ni. Shekara da shekaru tana hura bakin canting kafin ta ɗora shi a kan zane, fuu, fuu, har na daina ji. Yanzu rashin wannan hurin ne ke korata daga gidana. Wadda za ta zo, don Allah kada ta yi sauri.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci amfanin gonarmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya, ya tarar da mai yi masa sannu da zuwa. Na gode.