Wa Ya Taɓa Batirin Motar Alhaji Ɗahiru?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan zama, dattawan ƙungiyarmu ta masu gyaran mota da masu hawanta, wakilan garejojin Gusau da Tsafe da Bungudu, Alhaji Ɗahiru mai ƙara, Malam Isma'ila wanda ake ƙara, iyaye da 'yan'uwa da kuka bar ayyukanku kuka zo, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da kuka ɗora mini jagorancin kwamitin bincike, ina kuma godiya ga waɗanda suka amsa tambayoyinmu, har da waɗanda suka amsa suna harararmu.

Ga wanda bai san tushen maganar ba: Alhaji Ɗahiru na Bungudu yana da jif 'yar Kwatano mai shekara goma sha biyar, irin wadda ke tafiya da fetur da kuma babban batir da ke kwance ƙarƙashin kujerar baya. Ya kai ta Tsafe wurin Malam Isma'ila don gyaran birki. Bayan kwana goma ta tsaya cak a hanyar Rawayya, jajayen fitilu sun cika gaban direba. Aka jawo ta Gusau, wani mutum ya leƙa ya ce an musanya batirin da matacce. A kan wannan magana ƙungiya ta sa kwaɗo a garejin Malam Isma'ila, yau mako bakwai ke nan. Abin da ya tara mu shi ne mu kore shi daga sana'ar ko mu buɗe masa ƙofa.

Na farko, mun fara da zargin Malam Isma'ila, kuma ba mu yi masa da sauƙi ba. Sau uku muka kira shi, kowane karo da tambaya ɗaya a sabuwar riga, ko za mu ga bakinsa ya sauya. A karo na uku ya sauya. Ya ce: "Ranka ya daɗe, babban batir dai ban gan shi ba. Amma akwai wata fitilar gargaɗi da na tarar tana ci a gaban direba, na cire kan ƙaramin batirin tada mota na mayar, ta mutu." Na ce masa, ka gaya wa Alhaji? Ya ce: "In na gaya masa sai ya ce aiki nake ƙirƙira." Ku riƙe wannan, domin laifi ne. Mota ta yi kuka, bakanike ya toshe mata baki.

Na biyu, mun zargi direban Alhaji, Ɗanlami, domin shi ke yini da motar, kuma duk lokacin da muka ambaci kujerar baya sai ya soma gyara hula. Da muka matsa, sai ya ce bara da kaka Alhaji ya riƙa ɗauko buhunan wake daga gona, shi kuma ya ji tausayin motar. Ya kai ta wurin mai ɗinkin kujeru, aka shimfiɗe ƙasanta da leda mai kauri, aka lulluɓe kujerun, aka manne ko'ina da gam. Ya ce: "Alhaji har yabona ya yi, ya ce ta koma amarya."

Jama'a, wane ne a nan bai yi wa motarsa haka ba? Dukkanmu mun yi. Mu ne mutanen da ke sayen abu mu naɗe shi don kada ya tsufa. Sai dai a ƙasan wannan kujera akwai ƙofofin iska guda uku, ta nan fanka ke jawo sanyi tana hura wa batirin. Mai ɗinki ya ga ramuka a mota mai tsada, ya ɗauka aibi ne, ya rufe su tsaf. Batirin ya ci zafin bazara guda cur babu numfashi, har zafi ya kashe shi. Fitilar da Malam Isma'ila ya kashe, wannan take faɗi.

Na uku, ban yarda da wannan bayani nan take ba, don ya yi daɗi da yawa. Na ce, to idan an ɓare ledar, an ɗauki batirin, an sake mannewa fa? Muka ɗauko mai ɗinkin daga shagonsa, ya durƙusa ya bi bakin ledar da yatsa, ya ce gam ɗinsa ne, hannunsa ne, ba wanda ya ɗaga. Ban tsaya ga maganarsa ba, shi ma yana da abin karewa. Muka yanka ledar a gaban shaidu huɗu. Fentin da ke kan notunan batirin bai fashe ba, ƙurar da ke kansu ko sawun yatsa babu. Ba wanda ya taɓa wannan batir tun kafin motar ta shigo Zamfara.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyata ba ta kwanta ba har yanzu. Idan ba a ɗaga kujerar nan ba, ta yaya wancan mutumin na Gusau ya ga an musanya batir? Da me ya gani? Ba zan kama sunansa ba, domin ba shi da rajista da mu, kuma sau biyu muna aika masa ana cewa ya yi tafiya. Abin da na sani shi ne, a ranar da ya yanke hukuncinsa, a ranar ya ce wa Alhaji idan ya gaji da motar yana da mai saye. Ban ce ga nufinsa ba. Na ce ga abin da ya faɗa, ga kuma ranar da ya faɗe shi. Abin da ya fi damuna shi ne mu, da muka rufe garejin mutum mai iyali a kan maganar wanda ko sifana bai ɗauka ba.

Saboda haka kwamiti yana ba da shawara a ja wa Malam Isma'ila kunne a rubuce kan kashe fitila ba tare da sanar da mai mota ba. Kada kuma a sake sauraron ƙarar musanyar kaya sai an buɗe motar a gaban mai ita da wanda ake zargi. Sannan a cire kwaɗon nan yau, kafin la'asar, ba gobe ba.

Amma cire kwaɗo ba ya dawo da masu kawo gyara. Sunansa ya riga ya zaga tashoshi uku. Jiya Alhaji Ɗahiru ya ce mini: "Ni na ɓata shi a bainar jama'a, a bainar jama'a zan miƙa masa makullin motar, shi zai sa mata sabon batir." Na ce masa, Alhaji, ka yi haƙuri, zan rubuta wannan a rahoto idan na gani da idona. To ga jama'a, Alhaji, ga Malam Isma'ila a kujera ta uku daga hagunka. Na bar layin ƙarshe na rahoton nan babu komai, kuma alƙalamina a buɗe yake.

Allah Ya tsare mu daga zaluntar wanda ba shi da laifi, Ya tona asirin mai cuta a duk inda ya ɓuya, Ya sa albarka a hannun masu gyara da dukiyar masu hawa, Ya ba jiharmu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode da kuka saurare ni.