Murfin Tukunya

A tasha, ana jiran mota ta cika, wata tsohuwa ta matsa wa wani soja a kan benci.

"Ɗana, gida za a leƙa iyali?"

"Daga can nake, Mama. Bakin daga zan koma."

"Hutun ya ƙare ke nan?"

"Saura kwana tara."

"Kwana tara! Kai kuwa wa ya kore ka?"

"Murfin tukunya ne ya suɓuce wa matata. Wata shida aka yi ana koya mana cewa da ka ji ƙara ka faɗi ƙasa, ka danne na kusa da kai. Na kusa da ni 'yata ce, shekararta huɗu. Na karya mata hannu."

"Innalillahi! Ai ba da gangan ka yi ba, kare ta ka yi."

"Haka na gaya mata. Yanzu da ta ji takun takalmina sai ta shige ƙarƙashin gado."

"Yara ba su da riƙo, za ta manta."

"Ita za ta manta, jikina ne ba zai manta ba. Shekara biyu ina kwance a rami, ba harsashi nake tsoro ba. Tsorona kada wani abu ya same su ba na nan. Ashe ni ne abin."

"Haba, daina faɗin haka. To yaushe za ka dawo?"

"Ke ce kika fara tambaya, Mama. Uwarta jaka kawai ta miƙo min."