Jakar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Bargo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, shugaban asibitinmu, manyan likitoci, 'yan'uwana ma'aikatan jinya manya da ƙanana, ɗalibanmu da suka laɓe a kujerun baya, da sauran jama'a da suka baro harkokinsu suka zo, ina yi muku barka da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka ba ni wannan dama, ko da yake da sun san abin da zan faɗa, wataƙila da wani suka ba.

An ce in yi magana a kan robar fitsari, siririyar robar nan da muke zura wa marar lafiya har cikin mafitsara, da yadda za mu hana ta zama hanyar cuta. Shekara ashirin da shida ina aikin nan, kuma wallahi yau ban zo da farin ciki ba.

Na farko, hannu. A wanke shi kafin a taɓa robar, a wanke shi bayan an taɓa. Na sha ganin ma'aikaciya ta zagaye gadaje shida da safar hannu ɗaya, wai sauri take yi. Saurin me, 'yar'uwa? Cutar wancan gadon kika raba wa saura.

Na biyu, tambaya. Kowace safiya mu tsaya a bakin gado mu ce: yau kwanan robar nan nawa, kuma har yanzu ana bukatarta? In likita ya manta, mu tuna masa, ko da zai ɓata rai. Mu faɗi gaskiya: sau da yawa muna barinta ne don ta hutar da mu canjin zanen gado.

Na uku, jakar da fitsarin ke taruwa a ciki. A rataye ta a jikin gado, ƙasa da mafitsara, kada ta taɓa ƙasa, kada ta hau gado. In ta hau, fitsarin da ya daɗe a ciki sai ya koma inda ya fito, da ƙwayoyin cutarsa. Kowane ɗalibi a nan ya haddace wannan. Ni ma na haddace.

Shekaru tara da suka wuce aka kawo mana wani dattijo da karayar ƙugu, muna ce masa Baba Tela. Mutum ne mai tsabta da barkwanci. Kullum sai ya ce ɗinkin rigata ya karkace, in ya tashi zai gyara mini. An yi tiyata lafiya, an sa masa robar. Ran nan da yamma, lokacin ziyara, ya yafito ni, ya rage murya.

“'Yata, surukaina na tafe. Ki rufa mini asiri, kada su ga wannan abin.”

Tausayi ya kama ni. Na cire jakar daga jikin gado, na ɗora ta kusa da cinyarsa, na ja bargo na rufe. Na ce a raina ai minti goma ne. Matarsa tana zaune a kan tabarma tana kallona, ni kuwa na wuce ban yi mata bayani ba. Ashe ta ɗauki darasi. Daga ranar, duk baƙon da ya leƙo sai ta ɗora jakar a gado ta rufe, wani lokaci har ziyara ta ƙare. Da wata abokiyar aikina ta tsawata mata, cewa ta yi ai haka ta ga babbar nas ta yi.

Robar da ya kamata a cire a kwana na biyu ta kai kwana tara, ba wanda ya tambaya, har da ni. Sai zazzaɓi, sai rawar sanyi, fitsari ya yi kauri yana wari. Cutar ta haura ƙoda, ta shiga jini. Mutumin da ƙashinsa ya fara haɗewa, a likkafani ya bar ɗakinmu.

Na san kwana ne ya ƙare, ban musa ba. Amma na san hannun da ya ja bargon nan.

Saboda haka ina roƙonku, 'yan'uwa, ina ƙara roƙonku: kunyar marar lafiya gaskiya ce, kada mu raina ta. Mu ja labule, mu lulluɓe jakar da ƙyalle a inda take rataye, mu yi wa masu jinya bayani da baki. Abin da suka ga hannunmu ya yi, shi za su yi in mun juya baya.

Bayan rasuwar da kwana goma, matarsa ta zo karɓar kayansa. Ta neme ni har ofis, ta riƙe hannuna biyu, ta ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ke kaɗai kika san darajarsa a ɗakin nan.” Na ce amin. Har yau ban iya gaya mata ba. Ku ne na farko da kuka ji.

Allah ya jiƙan Baba Tela, ya ba iyalinsa haƙuri, ya yafe mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare su daga gangancinmu da kuma tausayinmu marar ilimi. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.